Kece Raini a Wajen Biki Ne Ke Zaɓa Maka Irin Shinkafar da Za Ka Shuka

Manomi, ka lura da abin da ake zubawa a faranti ranar biki? Doguwar shinkafa ce, fara tas, mai warwara. Uwar amarya ba ƙoshin baƙi kaɗai take nema ba, so take a ce an kece raini. To wannan son a gani a yaba yana bin hanya har ya iso gonarka.

Shekaru da dama, 'yar waje ta Tailan da Indiya ce alamar gidan masu hali. Da Babban Bankin Najeriya ya hana masu shigo da shinkafa dala a 2015, aka kuma rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, sha'awar mutane ba ta sauya ba. Sai kamfanonin casa na Kano da Kebbi suka koma fitar da 'yar gida mai kama da 'yar waje. Wasu 'yan kasuwa ma har juye ta suke yi a buhu mai tambarin waje, mai saye ya biya ƙari yana murna.

Shi ya sa dillali ke tambayarka FARO 44 ko makamanciyarta. Kowa ya ruga iri ɗaya, da kaka ta cika kasuwa, farashi ya karye. Da gwamnati ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci a 2024, ai ka ga yadda shanshera ta faɗi daga baya. Su kuwa tsofaffin irinmu na fadama, kamar jar shinkafa mai jure ambaliya, sai ɓacewa suke yi a hankali.

Amma fa ba duk mai saye ne ɗan gayu ba. Mai tuƙa tuwo tana son mai laushi da danƙo. Dubi kuma Ofada a ƙasar Yarbawa: da ta ƙauye ce, yau ta fi 'yar waje tsada a Legas.

Saboda haka kada ƙungiyarku ta zuba duk ƙarfinta a iri guda. Ku nemi mai saye kafin shuka, kada ku gauraya iri, ku shanya a kan tamfol don gudun tsakuwa. Ku kuma ware ɗan fili ga tsohon iri, ku ɗura shi a ƙananan buhuna masu sunan ƙungiyarku.