Jirgin da ya tsufar da 'yan uwansa rana ɗaya

Makon jiya na kai yara tsohuwar tashar jiragen yaƙi ta Portsmouth, a kudancin Ingila. Mun shiga Victory, mun shiga Warrior na 1860, sai babban ɗana ya ce a nuna masa Dreadnought, tunda a nan aka ƙera shi. Babu shi. An sayar da shi a 1921, aka farfasa shi don ƙarfensa. Mutanen da ke adana ko tsohon cokalin sarki ba su bar ko ɗaya daga manyan jiragen wannan samfuri ba.

Kafin shi, babban jirgin yaƙi yakan ɗauki manyan igwogi huɗu masu faɗin baki inci 12, sannan a cika gefensa da matsakaita da ƙanana. A ido kamar dabara ce, kowane nisa da makaminsa. Amma da faɗan teku ya koma na nesa, kilomita biyar ko fiye, sai matsala ta fito. Ba a saita igwa sai an ga inda harsashin farko ya faɗa. Mutum ne ke zaune a saman dogon turke da madubin hangen nesa, yana duban ruwan da ya fantsama, yana cewa a ƙara ko a rage. To idan igwogi iri uku na harbi lokaci guda, wane fantsamar ruwa ce ta wace? Sai ka gyara wa babba saiti da kuskuren ƙarama.

Yaƙin Tsushima na watan Mayun 1905, inda Japan ta ragargaza rundunar Rasha, ya ƙara wa masu wannan tunani ƙarfin gwiwa. Shugaban sojan ruwan Birtaniya, Admiral John Fisher, dama ba mai haƙuri ba ne. Aka zana jirgi mai igwogi goma, duka inci 12, biyu-biyu a ɗakunan sulke biyar masu juyawa, takwas daga ciki na iya harbi gefe guda. Aka sa masa injin tururi mai farfela irin na Charles Parsons, wanda ya ba shi gudun kusan kilomita 39 a awa. An fara ginin ranar 2 ga Oktoban 1905, ya shiga ruwa 10 ga Fabrairun 1906. Ga masu son lissafin gida, kwana huɗu ke nan kafin mutanen Satiru su yi wa sojan Turawa kaca-kaca a kusa da Sakkwato.

Ni abin da ke ba ni mamaki shi ne turken nan. An gina jirgi sukutum don mai hangen nesa ya gani da kyau, sai aka kafa turkensa a bayan bututun hayaƙi. Jirgi na ƙona kwal, hayaƙi da zafi na tashi kai tsaye zuwa inda bawan Allah yake zaune. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Kuma ba su daddara ba, sun maimaita wannan kuskure a wasu jiragen da suka biyo baya.

Babban tsadar kuwa ba kuɗin ginin ba ne. Birtaniya ta fi kowa yawan tsofaffin jirage, amma Dreadnought ya mayar da su duka tsohon yayi, nata da na abokan gaba. Lissafi ya koma farko. Jamus ta shiga ƙera nata, tsere ya kankama, igwa ta tashi daga inci 12 zuwa 13.5 zuwa 15 cikin shekara goma. Jiragen Queen Elizabeth suka bar kwal suka koma mai, wanda Birtaniya ba ta da shi a gida, shi ya sa a 1914 gwamnati ta sayi kashi 51 na kamfanin man Farisa. Masu karanta mu daga yankin Gulf sun san inda wannan hanya ta kai.

Shi kansa Dreadnought bai halarci babban yaƙin Jutland na 1916 ba. Jirgi ɗaya kacal ya nutsar a rayuwarsa, jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus mai lamba U-29, a watan Maris na 1915. Bai harba igwa ko ɗaya ba, da hanci ya banke shi.