Legas Cike Take Da Dandali, Ina Na Hausawa?



Akwai maganar da muka daɗe muna yi a majalisa da bakin masallaci, amma ba ta kaiwa gaban shugabanni. Yau za mu faɗe ta a fili, wanda zai ji haushi ya ji. Hausawa sun haura shekara 160 a garin nan. Mun gina masallatai, mun riƙe kasuwanni, muna da sarakunanmu unguwa-unguwa, daga Agege zuwa Idi-Araba, daga Mile 12 zuwa Alaba Rago. To, a nuna mana zaure guda ɗaya tak, namu na kanmu, inda magidanci zai ɗauki iyalinsa ranar Asabar da yamma su zauna a kujera su kalli wasan kwaikwayo da Hausa, ko su saurari mai kuntigi, su koma gida da mutuncinsu. Wanda ya san wurin ya rubuta mana sunansa a ƙarƙashin wannan rubutu.

Kada wani ya ce garin ne ba shi da wuraren. Duk wanda ya bi ta Iganmu ya ga National Theatre, ginin nan mai kama da hular soja, da aka kammala a 1976 saboda bikin FESTAC na 1977. Babban zaurensa an gina shi ne don mutum 5,000. Ya lalace shekara da shekaru, bankuna suka haɗa kuɗi aka gyara shi, a 2024 aka sa masa sunan Wole Soyinka. Idan ka haye gada ka shiga cikin tsibiri, ga Freedom Park a titin Broad, tsohon kurkukun Turawa inda aka taɓa tsare Awolowo, wanda tun 2010 ya koma wurin kiɗa da wasanni. Ga MUSON a Onikan, kusa da shi kuma ga cibiyar J. Randle da aka keɓe domin tarihi da al'adun Yarbawa. A Victoria Island ga Terra Kulture, a Lekki ga gidan zane-zane na Nike, a Ikeja ga New Afrika Shrine. A 2019 gwamnatin jiha ta ƙara gina gidajen wasa a Oregun da Igando da Epe da Badagry, kowanne na ɗaukar mutum wajen 400. Na Oregun ya ƙone a tarzomar 2020.

Akwai kuma wanda ya kamata ya fi taɓa mana zuciya, wato Glover Hall a tsibirin Legas. Sunan John Glover aka sa masa, Baturen da a 1863 ya tara Hausawa ya kafa rundunar da ake kira Hausawan Glover, wadda daga ita sojan Najeriya ya samo tushe. Tsofaffin sojojin Hausawa na cikin waɗanda suka kafa Obalende. A zauren nan aka fara nuna majigi a Najeriya a 1903. A nan Hubert Ogunde ya fito da wasansa na farko a 1944, yana ɗan sanda, daga nan wasan kwaikwayon Yarbawa ya zama sana'ar da ta ciyar da dubban mutane. Zauren da ke ɗauke da sunan kwamandan kakanninmu ya raini wasan wasu. Mu kuwa da yawanmu ko hanyarsa ba mu sani ba.

Abin lura a nan shi ne, da dama cikin wuraren nan ba gwamnati ce ta kafa su ba. MUSON wasu masu son kiɗa ne suka haɗu a 1983 suka kafa ƙungiya, suka bi kamfanoni da masu hali har ginin ya tashi. Terra Kulture mace ɗaya ce, lauya, Bolanle Austen-Peters, ta buɗe shi a 2003. Shrine 'ya'yan Fela ne, Femi da Yeni, suka gina shi a 2000 bayan rasuwar ubansu, kuma duk watan Oktoba mutane na zuwa bikin Felabration daga ƙasashen duniya. Ba muna cewa mu kwaikwayi duk abin da ake yi a can ba. Muna cewa ne mutanen nan sun ɗauki al'adarsu da daraja, sun zuba mata kuɗinsu. Saboda haka wanda zai ce mana "ai gwamnati ba ta ba mu ba" ya nemi wata hujjar.

Mu fa, ina namu wasan yake faruwa? A tsakiyar titi, ƙarƙashin rumfar haya ranar biki, janareta na ruri, 'yan iskan unguwa na jiran nasu kason, maƙwabta na tsaki. Ko a ɗakin taron da aka kama na dare ɗaya, a ɗauko mawaƙi daga Kano, ya riƙe makirfo yana bin waƙar da aka saka a na'ura, attajirai na gasar liƙi, a watse ƙarfe uku na dare. Ko kuma lokacin zaɓe, a kawo mawaƙa su wasa ɗan takara, a sallame su. Dambe kuwa, wanda yanzu miliyoyin mutane ke kallo a YouTube, yana can bayan kasuwa cikin ƙura. Ɗan damben da ya karye babu likita a kusa, babu mai biya masa magani. Waɗannan wurare ba inda dattijo zai kai 'yarsa ba ne, kuma ba inda za ka gayyaci maƙwabcinka Bayerabe ka ce zo ka ga al'adarmu ba ne.

Asarar da wannan ke jawo mana iri biyu ce, kuma duk mai ɗa a garin nan ya san ta farko. Yaranmu da aka haifa a Agege da Mushin suna jin Yarbanci da Burokin fiye da Hausa. Ba laifi ba ne su iya harshen maƙwabta, riba ce ma. Laifin shi ne ka tambayi saurayi ɗan shekara 18 wane ne Shata ya yi shiru, bai san Ɗan Maraya Jos ba, bai taɓa jin amadar Barmani Coge ba, bai san Narambaɗa ko Ɗanƙwairo ba, bai taɓa ganin tashe ba sai a waya. Makarantarsa kuwa ta kai shi yawon buɗe ido gidan tarihi na Onikan, ya ga abin wasu a adane cikin gilashi. Me kake so ya ɗauka game da nasa? Zai ɗauka cewa abin da ake kai wa zaure shi ne mai daraja, abin da ake yi a kan kwalta kuwa na marasa galihu ne. Ranar da ya fara jin kunyar a kira shi Bahaushe, kada mu zargi kowa.

Asara ta biyu ita ce yadda garin ke kallon mu. Kalmar "aboki" a bakinmu kalmar zumunci ce, a bakin wasu ta koma zagi. A finafinan Kudu Bahaushe maigadi ne mai gurɓatacciyar magana da ake yi wa dariya. Da aka hana acaba a wasu ƙananan hukumomi a 2022, da kuma lokacin rikicin Mile 12 a 2016, mun ji irin abin da aka riƙa faɗa a kanmu a rediyo da intanet. Wanda bai san ka ba sai a kan babur ko a bakin get, da wuya ya tsaya maka ranar da aka zo rushe rumfarka. Wanda kuwa ya taɓa zama awa biyu yana kallon labarinka, ya yi dariya inda ka yi, ya yi jimami inda ka yi, ba zai ƙara yi maka kallon da yake yi a da ba. Har tarihinmu ma wasu ne ke kai shi dandamali. Ahmed Yerima ya rubuta wasan Attahiru da Turanci, Izu Ojukwu ya yi fim ɗin Amina ya hau Netflix. Mun gode musu. Amma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Mun san abin da za a ce mana, don mun sha ji. Wasu za su ce wasa da waƙa shiririta ce, addini bai yarda ba. Muna girmama malamanmu, kuma ba mu neman a buɗe gidan gala. Amma a tuna cewa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da 'yarsa Nana Asma'u da waƙa suka karantar da jama'a. Aliyu Namangi da waƙa ya yi wa'azi, Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu da waƙa suka farkar da Arewa. Malam Aminu Kano da kansa ya rubuta wasannin kwaikwayo. Uwar Gulma da Kulɓa Na Ɓarna a aji aka karanta su, Samanja da Kuliya Manta Sabo gida-gida aka kalle su tare da iyaye. Hasali ma rashin tsaftataccen wuri shi ke tura matasa inda malamai ke tsoro. Yaron da ba ka ba shi wurin zuwa da rana ba, zai samo wa kansa wurin zuwa da dare.

Wasu za su ce mu nema ya kawo mu, gida muna Arewa. Wannan magana ta dace da ɗan ci-rani da ya zo bayan girbi zai koma da damina. Ba ta dace da gidajen Zangon Agege da suka zauna tun zamanin fataucin goro da zuwan jirgin ƙasa ba, waɗanda kakanninsu ke kwance a maƙabartun garin nan. Mutum ya haifi 'ya'ya a wuri, ya aurar da jikoki a wurin, ya ce har yanzu shi baƙo ne? Wannan tunanin na zaman wucin gadi shi ya sa muke gina katafaren gida a ƙauye da ba a kwana cikinsa sai da Sallah, alhali inda muke kwana kullum ba mu ajiye komai ba.

Wasu kuma za su ce babu kuɗi. Wannan ita ce ta fi ba mu mamaki. Al'ummar da ke riƙe da tumatur da albasa a Mile 12, da shanu a mayankar Oko-Oba, da canji, da tireloli a Apapa, ita ce za ta ce ba ta iya kama zaure mai kujera 400 na yini ɗaya? Kuɗin da ake watsawa a ƙasa a bikin ɗan attajiri guda ya isa. Kuɗi akwai. Abin da babu shi ne ganin darajar abin. Mun gaji raina mai waƙa da mai wasa, muna kiransu maroƙa, muna so su zo su wasa mu mu jefa musu abin da muka ga dama, amma mu sayi tikiti mu zauna mu saurare su kamar masu sana'a, wannan ya yi mana nauyi.

Hujjar nisa da gosulo ma ta fara mutuwa. Jirgin ƙasa na Red Line yana ɗaukar mutum daga Agege, ya tsaya Mushin kusa da Idi-Araba, ya sauke shi Oyingbo. Na Blue Line daga Mile 2 yana da tasha a bakin National Theatre. Igando kuma ba ta da nisa da Alaba Rago.

Ga abin da muke kira a yi, kuma ba mu ga wanda ya fi ƙarfinmu a ciki ba. Na farko, sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni su haɗa kai su kama ɗaya daga cikin zaurukan nan yini ɗaya a shekara, a sa rana tsayayya da kowa zai sani. A fara bayan la'asar, a tsaya a yi magariba, a tashi kafin ƙarfe tara, a tanadi wurin mata da yara. Na biyu, a sayar da tikiti, a yi yarjejeniya da masu wasa, a biya su haƙƙinsu cikakke, a hana hawa dandamali don liƙi, a hana kirarin ɗan siyasa ko na wace jam'iyya. Na uku, kada a dogara da taurarin Kano kaɗai. Islamiyyoyinmu na nan cike suke da yaran da ke yin wasan kwaikwayo ranar saukar karatu, su ne ya kamata a horar su hau. A sa tashe, a sa kalangu, a sa karatun rubutacciyar waƙa. Na huɗu, a samu mai fassara, a gayyaci maƙwabtanmu Yarbawa da Ibo, da sarakunan gargajiya na yankin, da shugabannin ƙananan hukumomi, a zaunar da su a sahun gaba. Na biyar, abin da ya saura na kuɗi a buɗe masa asusu, a riƙa karanta lissafinsa a bainar jama'a, da niyyar wata rana a sayi fili a gina namu, ko da mai kujera 200 ne.

Ga attajiranmu, kun gina masallatai, kun kai mutane Makka, Allah ya saka da alheri. Ku ƙara da wannan, domin raya harshen da ake yi wa 'ya'yanku wa'azi da shi ba ɓarnar dukiya ba ce. Ga shugabanninmu, a taro na gaba muna so mu ga maganar nan a cikin ajanda, da sunayen waɗanda aka ɗora wa alhakin zuwa su tambayo kuɗin haya da ranakun da babu kowa. Ga matasa kuma, kada ku jira a kira ku. Ku haɗu, ku rubuta wasa na minti 30, ku fara gwaji a harabar makaranta, ku kawo wa dattawa abin da za su gani da idonsu.

Wanda yake tare da mu ya tura wa mai unguwarsu da shugaban kasuwarsu wannan rubutu. Wanda bai yarda ba ya kawo hujjarsa cikin ladabi, za mu saurara.

Allah ya haɗa kanmu, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, ya shirya mana zuriya. Amin.