Gayyar makaɗi da mai zane

A kasuwannin Gazawa da Agye da Gidan Rumji, waƙa ta daina zama abin sauraro kawai, ta koma abin kallo. Daga wannan salula zuwa waccan take yawo, kuma wadda ba ta da hoto ba ta yin nisa. Wannan sauyi ya bar makaɗan gargajiya a baya: makaɗan noma, da na kokowa, da na fada, waɗanda murya gare su da ganga amma ba su da mai ɗaukar su hoto. Su kuwa samarin mawaƙa, galibin hotunansu kamar a tukunya guda aka dafa su: mawaƙi ya jingina da motar aro, yana nuna agogo. Alhali akwai wata hanya, wato zane mai motsi da ake yi da hannu, kuma ƴan Nijar na da gado a cikinta.

Mai gadon shi ne marigayi Mustafa Alasan, wanda aka haifa a 1942, ya rasu a Wagadugu a watan Maris na 2015. Da kanikanci ya fara, yana kuma nuna wa jama'a zanensa ta hanyar haska shi da fitila. A Yamai ya gamu da Bafaranshen nan Jean Rouch, wanda ya buɗe masa hanyar zuwa Kanada, inda ya ga aikin Norman McLaren. Fim ɗinsa La Mort de Gandji ya samu kyauta a babban bikin al'adun baƙar fata na Dakar a 1966. A wannan shekara ya fito da Bon voyage Sim, labarin wani kwaɗo shugaban ƙasa da ya tafi ziyarar aiki. A 1977 ya yi Samba le grand da ƴan tsana, daga baya kuma ya yi Kokoa, inda kwaɗi da hawainiya ke shiga filin kokowa. A Tawa ya yi zaman ƙarshen rayuwarsa, yana aiki da abin da hannunsa ya kai.

Shi McLaren ɗin da ya koya a wurinsa, tun a 1949 ya nuna yadda ake ɗaura auren kiɗa da zane. Shi da abokiyar aikinsa Evelyn Lambart sun bi kiɗan Oscar Peterson, suna shafa launi suna kuma karta a jikin zaren fim ɗin kansa, har kowane bugu ya samu tasa siffa. A Ingila kuma, a 1986, mawaƙi Peter Gabriel ya kwanta awa 16 a ƙarƙashin gilashi ana ɗaukarsa hoto ɗaya bayan ɗaya domin waƙarsa Sledgehammer, wadda ta kwashe kyauta 9 ta gidan MTV a 1987. A duka biyun, mai kiɗa da mai zane sun sunkuya a kan aiki guda, kowa yana jiran ɗan'uwansa.

Ɗan kasuwa zai so ya ji lissafi, to ga shi. Sinima tana gudu da hoto 24 a kowace daƙiƙa. Masu zane sukan ɗauki kowane zane sau biyu, sai ya zama zane 12 a daƙiƙa. Waƙar minti 4 daƙiƙa 240 ce, wato zane 2.880. Mutum ɗaya mai yin zane 20 a wuni zai share kwana 144 bai huta ba. In mutum 6 ne, kwana 24 sun isa. Wannan lissafi kaɗai ya nuna cewa aikin na gayya ne, irin wanda manoman aya da gero na yankin suka sani tun kaka da kakanni.

Ƴan gayyar kuwa suna cikin kasuwa. Tela ya ɗinka ƴan tsana da ƙyallayen da suka rage masa. Baduku ya yanka siffar doki da mahayi a fata. Maƙeri ya lanƙwasa wayar da za ta zama ƙashin ɗan tsana, domin ya tsaya yadda aka ajiye shi. Mai zanen ƙwarya ya ƙawata bango, maginin tukwane ya gina gari da laka a kan faifai. Ɗan lakwal mai salula ya kafa ta a wuri ɗaya, ya ɗauki hoto, a gusa hannun ɗan tsana kaɗan, ya sake ɗauka. Sharaɗi biyu ne ba a wasa da su: kada salular ta motsa, kada haske ya sauya. Shi ya sa ɗaki mai rufe da fitila ya fi tsakar gida, inda inuwa ke tafiya da rana.

Tsarin aiki ma yana da ƙa'ida. Waƙa ake fara ɗauka, a ƙidaya bugun ganga a rubuce, sannan a raba hotuna bisa ƙidayar. In aka juya tsarin, ƙafar ɗan tsana za ta sauka kafin ganga, kuma ko yaro zai gane. Ribar wannan wahala ita ce zane yana kaiwa inda na'urar hoto ba ta kai ba. Makaɗin fadar Tibiri da ke ambaton Bawa Jan Gwarzo ba shi da hoton sarkin da ya yi zamani a ƙarni na 18, amma fata da laka suna iya hawar da shi doki. Haka makaɗin kokowa zai iya maido da Yakuba Kantu na Maraɗi fili, kamar a 1975 da ya ɗauki takobin farko a Tawa.

Sai dai abin da ke watsa gayya ba rashin kayan aiki ba ne, rabo ne. Waƙa in ta fito, sunan mawaƙi ake kira, a manta da telan da ya yi wata guda yana ɗinki. Saboda haka tun kafin a ɗauki hoton farko ya kamata a zauna gaban shaidu, a rubuta wa ke da waƙa, wa ke da zane, nawa ne rabon kowa, kuma sunan kowa ya fito a ƙarshen fim. Hukumar kare haƙƙin masu fasaha ta ƙasa, BNDA, domin irin wannan aka kafa ta.

Nan ne alhazan kasuwa da ma'aikatan gwamnati suka shigo. Abin da alhaji ke liƙa wa makaɗi a daren biki guda zai iya ciyar da ƴan gayya har su kammala, kuma sunansa ya zauna a jikin aikin da zai daɗe bayan an kwashe tabarmi. Magajin gari na iya ba da aron ɗaki, mushe na iya ba da ɗalibansa lokacin hutu. Makaɗan da suka riƙe tsofaffin waƙoƙin yankin tsufa suke yi, kuma duk wanda ya kwanta dama yakan tafi da abin da ke bakinsa. Kwana 24 na mutum 6 ba su yi wa waƙar da ta shekara ɗari tsada ba.