Rawar tarbon baƙo: gadon Nasara da ya ƙi mutuwa

A 1925 Yarima Edward, mai jiran gadon sarautar Ingila, ya sauka Kano, aka tara masa sarakuna da dubban mahaya, makaɗa da ƴan rawa. A 1956 aka yi wa Sarauniya Elizabeth irin wannan a Kaduna. Faransa ba ta da sarki, amma duk kwamandan da ya fito rangadi a Damargu sarki ne: talakawa su taka masa rawa da yamma, da safe a kora su aikin tilas, wanda sai 1946 aka soke.

Nasara ya tafi tun 1960, ɗabi'arsa ta zauna. Babban baƙo ya taso daga Yamai zuwa Tanut ko Belbeji, sai a rufe lakwal, a jera yara cikin rana, a kirawo tanden Buzaye da rawar Bararoji. Ya tafa, ya yi liƙi, ya koma, bai tambayi zurfin rijiya ko farashin tiyar hatsi ba.

Rawa ta masu ita ce, suna da lokacinta. Mai mulkin da ke son jin Damargu ya sa a aje ganga, talaka ya yi magana.