Gizo Ma Ɗan Adawa Ne

Ya ku talakawa da 'yan kasuwar Sheme, masu mulki suna so ku ɗauka tatsuniya da tashe shiriritar yara ce. Ko kusa! Tun kaka da kakanni da su talaka ke faɗar abin da ba ya faɗuwa a fada. Gizo ba shi da dogari, amma kullum sai ya kunyata Kura. Malam Aminu Kano ma, tun kafin a kafa NEPU a 1950, da wasan kwaikwayo ya fara tona asirin macuta.

Haka abin yake har ƙasar Farisa, wato Iran. A 1968, zamanin Sarki Shah, sa'ad da faɗin gaskiya kan kai mutum kurkuku, Bijan Mofid ya shirya wasa da dabbobin tatsuniya, dila ya fito a malami kamar namu. Jama'a suka yi dariya, suka gane da wa ake.

To, mu da aka sace wa ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a 2020, yaya za mu yi shiru? In azumi ya zo, ku bar samari su yi tashe, su kwaikwayi mai alkawarin zaɓe da mai karɓar harajin kasuwa. Wanda ya tsargu, da shi ake.