Mai gudu, ka kula da ƙafarka

Ƴan uwa, samarinmu da yawa suna shiga gasar gudu mai nisa babu shiri. Wani ya yi targaɗe, ya ɓoye don kunyar abokai, ya ci gaba da gudu. Damana ta faɗi, ƙafa a kumbure, gona ba mai noma.

A ganinmu, tsayawa ba ragwanci ba ne. Gudun maraton kilomita 42 da mita 195 ne, shirinsa sai watanni. A fara da kilomita 2 da sanyin safiya, a ƙara sannu-sannu, a sha ruwa. In an yi targaɗe, a huta, a ɗora tsumma mai ruwan sanyi, a ɗaga ƙafa bisa matashi. In ba ta takuwa, a tafi gidan likita. Mu gargaɗi yaranmu tun damana ba ta zo ba.