Takarda Ba Shara Ba Ce, Mu Ne Ke Mayar Da Ita Shara

Duk ƙarshen zangon karatu za ka ga an tara tsofaffin takardu a bayan makaranta an cinna musu wuta. Haka ofisoshi ma suke yi. A ganina kuɗi ake ƙonawa, kuma mu ne ke shaƙar hayaƙin.

A masana'antar sake sarrafa shara, aikin farko shi ne tantancewa. Ana zuba kayan a kan bel mai tafiya, ma'aikata na tsaye a gefe suna tsince leda da tsumma. Wasu fayafayai masu juyawa su ɗauke manyan kwalaye ta sama, ƙananan takardu su zube ƙasa, maganaɗisu kuma ya janye ƙarfe.

Daga nan sai a kasa takarda gida-gida: kwali daban, jarida daban, farar takardar ofis daban. Farar ta fi tsada, gaurayayya ta fi araha. A danne su, a ɗaure dami-dami, a kai inda za a dama su da ruwa kamar kunu, a tace, a wanke tawada. Da wannan ake yin sabon kwali da kiret ɗin ƙwai da tishu. Zaren takarda kan jure hakan sau 5 zuwa 7 kafin ya gajarce.

Amma akwai abin da inji ba ya iya gyarawa. Takardar da ta sha man ƙosai ko tsire ta tashi aiki. Haka wadda ta ruɓe cikin ruwa, da rasit ɗin POS saboda sinadarin da ke jikinsa. Kaɗan daga cikinsu kan karya farashin dami guda.

A nan gizo ke saƙar. Mu ne ke haɗa takarda da sauran tuwo da ruwan wanke-wanke a bokiti ɗaya, sannan ɗan bola ya sa hannu yana tono. Ya sha wahala, ya samu kaya mara daraja. Alhali masana'antun takardar da gwamnati ta kafa a Jebba da Oku Iboku da Iwopin sun daɗe da rasa ƙarfinsu, yawancin takardar da muke amfani da ita daga waje ake shigo da ita.

Gyaran bai buƙatar jiran gwamnati. Kowane gida da shago da makaranta su ware buhu ɗaya na busasshiyar takarda, a ajiye inda ruwa ba ya taɓawa. In mai saye ya zo a sayar, in ɗan bola ne a miƙa masa. Ashanar ta zauna a aljihu.